Gwanintar Mai Fito a Kogin Kwara

Kwale-kwale ba ya son tafiya miƙe. Duk wanda ya taɓa karɓar filafili a hannun mai jirgi don ya gwada, ya gane haka tun bai yi nisa da gaɓa ba. Ka tuƙa ta dama, goshin jirgi ya karkata hagu. Ka koma hagu, ya juyo dama. Kafin ka ankara kana ta zagaye wuri ɗaya, yaran da ke wanka a bakin ruwa suna ƙyaƙyata maka dariya. Amma ka dubi Basarke a mashigin Yauri. Zai zauna can ƙarshen jirgi, ya tuƙa ta gefe ɗaya tak tun daga wannan gaɓa har waccan, jirgin kuma ya tafi sak kamar da igiya ake jan sa, alhali shi yana ta hira da fasinja a kan tsadar albasa.

Sirrin yana wuyan hannu. Idan ya tsoma filafili a gaba ya jawo shi baya dab da jikin jirgi, ba ya cire shi nan take. Daidai lokacin da bakin filafilin ya wuce ƙugunsa, sai ya ɗan murɗa shi, ya ture ruwa waje kaɗan. Wannan 'yar murɗawa ce ke maido da goshin jirgi kan hanya bayan kowane ja. Ba ta fi ƙiftawar ido ba, shi ya sa baƙo ba ya lura da ita. Kuma ba awo ɗaya gare ta ba: idan iska na tura goshi gefe sai ya ƙara mata nauyi, idan jirgi ya yi lodi sai ya rage, idan ruwa na gudu ta ƙarƙashi sai ya jinkirta ta. Ba ya tsayawa lissafi, hannu ya riga ya haddace. Ƙarfin tuƙin ma ba daga dantse yake fitowa ba. Hannun sama ne ke turawa, na ƙasa riƙo kawai yake yi, ƙugu da gadon baya su ke ɗaukar aikin. Da haka dattijo mai furfura zai tuƙa daga asuba har azahar, saurayi majiyin ƙarfi daga tudu kuwa kafin rabin sa'a kafaɗa ta riƙe. Ko da kunne kana iya rarrabe gwani da ɗan koyo. Filafilin ɗan koyo yana marin ruwa, fal, fal. Na gwani shiga yake yi shiru ya fita shiru, domin masunci ya san kifi na jin motsi tun daga nesa.

Inda ruwa bai da zurfi, sai a ajiye filafili a ɗauki gwangwala. Nan kuma tsaye ake yi, a kan katakon da bai fi faɗin tafin ƙafa biyu ba, jirgi na rawa a ƙarƙashinka. Mai jirgi zai saki sandar ta zame cikin hannunsa har ta taɓa ƙasa, ya jingina nauyinsa a kanta, yana bin ta hannu bayan hannu har ƙarshe, sannan ya bar ta ta ɗan ja a baya tana gyara masa hanya kafin ya sake ɗagowa. Sandar nan ita ce idonsa na ƙarƙashin ruwa. Yashi yana da irin ƙarar da yake yi a hannu, dutse yana ƙwanƙwasawa, laka kuwa haɗiye sanda take yi ta riƙe gam. Wanda bai sani ba sai ya maƙale wa sandarsa, jirgi ya wuce ya bar shi a rataye, daga nan sai tsundum. Gwani yana murza ta tun kafin laka ta kama, idan kuma ta riga ta kama, ya saki abarsa ya dawo ya ɗauka.

Aikin da ya fi burge ni shi ne fito, wato ƙetare kogi lokacin da ruwa ke gudu. Fasinjan da bai saba ba yakan ɗauka mai jirgi ya ɓata hanya, domin mashigin da za a sauka yana can gaba sosai, shi kuma ya juya goshi sama yana bin gaɓa, yana tafiya inda ba a aike shi ba. Abin da yake yi shi ne sayen tazara a inda ruwa yake da arha. Kusa da gaɓa ruwa ba ya gudu kamar tsakiya, saboda haka sai ya hau sama a nan da ɗan ƙarfi kaɗan, har ya kai gwargwadon abin da ya san tsakiyar kogi za ta ƙwace masa. Daga nan ya karkata goshi, ba sosai ba, ya shiga gudun ruwa a kaikaice. Ruwan da ke bugun gefen jirgi shi da kansa ke tura shi zuwa ƙetare. Idan karkatar ta yi yawa, ruwa zai juya jirgin ya tafi da shi. Idan ta yi kaɗan, sai a tsaya wuri ɗaya ana ta tuƙin banza. Tsakanin waɗannan biyu akwai wata 'yar kusurwa, kuma tana canzawa taku bayan taku, domin gudun ruwa a bakin gaɓa daban, a tsakiya daban, a bayan gungu daban. Sai ka ga jirgi ya zo ya sa goshinsa daidai kan turken da aka saba ɗaure shi, ba sama ba, ba ƙasa ba. Mai jirgi ko kallon wurin bai yi ba.

Duk wannan bai yiwuwa sai mutum ya iya karanta fuskar ruwa. A wurin ɗan tudu kogi ruwa ne kawai. A wurin mai fito kowane lanƙwasa da kowane ƙyalli labari ne. Inda kogi ya yi kwana, ruwa mai ƙarfi da zurfi yana bin bayan kwanar, yana cin gaɓa ta ƙasa, don haka ba a raɓar gaɓar nan, tana iya zabgowa. Cikin kwanar kuwa yashi ke taruwa. Ƙananan igiyoyi masu ƙyalƙyali da ba sa barin wuri ɗaya, tudun yashi ne a ƙasa. Ruwan da ya yi sumul yana tumbatsa daga ƙasa yana bajewa, gurbi ne mai zurfi. Idan ruwa ya tsage biyu, tsinin tsagar na kallon sama, akwai dutse ko kututture a wurin, a kauce. Idan kuwa tsinin na kallon ƙasa, ƙofa ce tsakanin duwatsu biyu, nan ne hanya. A bayan kowane babban dutse da kowane gungu akwai inda ruwa ke juyowa baya, nan mai hawa sama yake shiga ya huta, har ruwan ya ɗan taimaka masa. Amma iyakar da ke tsakanin ruwa mai juyowa da mai gangarawa wuri ne mai kifar da jirgi, sai an ratsa ta da sauri kuma an karkata jiki yadda ya dace. Ko kainuwa da ke yawo a sama ba a banza take ba, tana nuna inda ruwa ya nufa da irin saurinsa.

Kuma karatun bai ƙarewa, domin Kwara ba ta zama yadda aka bar ta. Kogin ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200 kafin ya faɗa teku, kuma a yankin Kabi da Yauri sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan saman yankin da na koguna irin su Rima ke kawo ta, ruwa ya yi fari da laka. Ta biyu tana zuwa ne da sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu. Wannan ruwan Gini ne, wanda ya daɗe yana ratsa fadamun ƙasar Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso a makare, ya yi duhu ya kuma yi garau. Farin ruwa da baƙin ruwa ke nan. Kowace cika tana kwashe yashi daga nan ta jibge can. Hanyar da aka bi bara, bana tudu ce. Saboda haka mai fito kullum ɗalibi ne, kuma rabin hirar da ake yi a mashigi da safe ta hanya ce: ina ruwa ya ci, ina ya bari, wace bishiya ta faɗa.

Mutanen da suka riƙe wannan ilimi ba jiya suka fara ba. Sarkawa, waɗanda masana tarihi ke danganta asalinsu da Sorko na daular Songhai, sun daɗe da zama Hausawa a harshe, amma sana'arsu ta ruwa ce, kuma neman kifi ya kai su har Binuwai da Tafkin Chadi. Akwai Gungawa, mutanen tsibiran Yauri, akwai Kabawa na Argungu, can ƙasa kuma akwai Kede na ƙasar Nufe, waɗanda suka shahara da dakon kaya a manyan jirage. Garuruwan bakin ruwa da yawa suna da Sarkin Ruwa, wanda ake jin maganarsa kan lokacin shiga ruwa da lokacin barin sa. Yaro a waɗannan garuruwa yana fara koyo ne da kwasar ruwa. A ba shi 'yar ƙwarya ya zauna tsakiyar jirgi yana kwarfe abin da ya tsattsafo. Daga nan a matsar da shi goshi, inda aikinsa ja ne kawai da sa ido. Ƙarshen jirgi, inda ake riƙe hanya, sai ya daɗe kafin a bar masa. Iyo kuwa ba ya ma tuna ranar da ya koya, kuma Bahaushe ya riga ya ce iya ruwa fid da kai.

Turawan farko da suka bi kogin sun ɗanɗana bambancin da ke tsakanin mallakar jirgi da sanin ruwa. Mungo Park ya gangaro tun daga ƙasar Mali a jirgin da ya haɗa daga tsofaffin kwale-kwale, ya wuce Yauri, inda tafintansa ya rabu da shi, ya je ya halaka a duwatsun Busa a 1806. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, sun zo Yauri da Busa, suka yi ta zaman jiran sarakuna su sama musu jirgi da matuƙa, kuma da hannun mutanen kogi suka gangara har teku. Littattafai sun riƙe sunayen Turawan. Waɗanda suka riƙe filafilin ba a damu da rubuta nasu ba.

Duwatsun da suka ci Mungo Park yanzu suna ƙarƙashin ruwa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafki ya haɗiye tsohuwar Busa da gungu da dama, aka tashi mutane sama da 40,000 aka sake musu matsuguni. Tafkin ya kai tsawon kusan kilomita 130, faɗinsa a tsakiya ya haura kilomita 20. Wannan ya zo wa masu jirgi da sabon darasi. Kogi yana da gudu amma ba shi da manyan raƙuman ruwa. Tafki ba ya gudu, amma idan iska ta samu fili mai faɗi haka sai ta tayar da igiyar da kakanninsu ba su saba da ita ba. Dole suka koyi tarar igiya da kafaɗar goshi, ba gaba da gaba ba, ba kuma a bar ta ta bugi gefe ba. Suka koyi duban gabas da farkon damina, domin hadarin da ke tasowa daga can ba ya ba da dogon wa'adi. Da hunturu kuma hazo kan rufe gaɓa gaba ɗaya, mutum ya rasa gabas da yamma, sai ya riƙe hanya da inda iska ke bugun kuncinsa da yadda igiya ke zuwa. Mafi sharri su ne bishiyoyin da ruwa ya shanye a tsaye ba a sare su ba. Idan tafki ya cika suna can ƙasa, idan ya janye sai kututturansu su tsaya dab da fuskar ruwa, ba a ganin su. Tsofaffin matuƙa sun san inda suke, domin wasunsu sun san dajin tun yana tudu.

A nan ne zancen ke ɗaci. Shi kansa jirgin ya canza. Da, gungumen bishiya ɗaya ake sassaƙewa, irin su maɗaci da kawo. Da manyan itatuwa suka yi wuya sai aka koma haɗa katako da ƙusa, a toshe tsaga da tsumma da kwalta. Ba laifi a nan. Sannan injin ya zo, shi ma alheri ne, ya rage wa mata da marasa lafiya wahalar yini a ruwa. Amma injin yana ba wanda bai san ruwa ba damar tuƙa babban jirgi, kuma kuɗin mai yana sa a cusa mutum da buhu da babur har ruwa ya kusa shafar baki. Tsohon mai fito yana da ƙa'idar lodi: kaya masu nauyi a ƙasa kuma a tsakiya, goshi ya ɗan fi sauƙi, a bar tazara tsakanin ruwa da bakin jirgi, a kwarfe duk ruwan da ya shigo tun yana kaɗan, domin ruwan cikin jirgi yana gangarawa ne gefen da jirgi ya karkata ya ƙara masa nauyi. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya tarwatse da mutum sama da 150, kaɗan ne suka tsira. A watan Yunin 2023 sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi suna dawowa daga biki da dare. Mukan ce ƙaddara, kuma babu mai jayayya da ƙaddara. Amma lodi fiye da kima da tafiyar dare da ruɓaɓɓen katako duk abubuwa ne da Sarkin Ruwa na da zai hana tun a gaɓa. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa, ta haramta tafiyar dare da shiga jirgi ba rigar kariya, sai dai mashigai sun fi ma'aikatanta yawa nesa ba kusa ba.

Ka zauna a jirgin gwani ka ji yadda yake tafiyar da mutanensa. Ba ya barin kowa ya shiga yadda ya ga dama. "Hajiya, taka tsakiya, ki sunkuya. Yawwa, zauna nan ƙasa." "Malam, saki bakin jirgin, ba zai kife ba sai in kai ka kifar da shi." Yakan zaunar da mai ƙiba daura da buhun shinkafa, ya raba yara tsakanin manya. Idan igiya ta taso mata suka fara salati, ba ya ɗaga murya. "Kowa ya zauna yadda yake. Baba, kar ka miƙe." Ya san abin da ke kifar da jirgi sau da yawa ba igiyar ba ce, mutane ne da suka firgita suka ruga gefe ɗaya. Rabin aikinsa tuƙin ruwa ne, rabi tuƙin zukata.

Wanda ke son ganin namun daji daga cikin kwale-kwale, kogin nan yana da wurare biyu da suka yi suna. Akwai gandun dajin Tafkin Kainji, wanda aka kafa a ƙarshen shekarun 1970 ta hanyar haɗe dajin Borgu da na Zugurma, kogin Oli na ratsa shi. Akwai kuma gandun W, wanda Nijar da Benin da Burkina Faso suka yi tarayya a kansa, sunansa ma daga yadda Kwara ta lanƙwashe a wurin ya samo asali. Rashin tsaro ya sa zuwa waɗannan dazuzzuka ya yi wuya a 'yan shekarun nan, kuma bai kamata kowa ya kama hanya ba tare da ya tambayi hukuma da mutanen yankin ba. Amma abin da ya sa jirgin filafili ya fi na injin a irin wuraren nan bai canza ba: ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, tsuntsu ba ya tashi, dabbar da ta zo shan ruwa ba ta gudu. A nan ma ran baƙo yana hannun mai tuƙi, saboda dorina. Da rana tana kwance a ruwa, kunne da hanci kawai a waje, wani lokaci ko su babu. Mai jirgi ya san guraben da take zama. Yakan ƙwanƙwasa jikin jirgi tun daga nesa don ta ɗago ya ga inda take, domin dorinar da aka yi wa ba-zata ita ce mai haɗari. Ya san idan ta tsorata zurfi take nufa, don haka ba ya shiga tsakaninta da zurfi, sai ya raɓa ta gefen da ruwa bai da yawa. Mai ɗa kuwa ba a ma gwada kusantar ta, ko baƙo ya yi ta roƙo don ya ɗauki hoto.

Wanda bai samu zuwa daji ba, yana iya ganin gwanintar a fili a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Jama'a sun fi ɗokin ranar da dubban masunta ke rugawa kogin Matan Fada da homa da gora. Ni kuwa na fi son kabanci, inda ake tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da hannu. Ka lura da masu tsere: na gaba su ke ba da ƙarfi, amma idan jirage suka zo juyawa, na ƙarshen jirgi ne ke cin gasa ko ya zubar da ita. Yauri ma tana da nata bikin Rigata, inda jirage ke fitowa a yi wasannin ruwa a gaban Sarki.

Idan Allah ya kai ka mashigi, ɗan'uwa, kar ka yi gaggawar faɗawa jirgin da ya fara cika. Dubi tazarar da ke tsakanin ruwa da bakinsa, dubi ko akwai mai kwarfe ruwa, nemi rigar kariya ka sa ko da ana yi maka kallon matsoraci. In mai jirgi ya ce lodi ya isa, kar ka roƙe shi ya ƙara mutum ɗaya. In ya dubi gabas ya ce yau ba fito, koma ka nemi wurin kwana.